Shin Allah zai zauna a zuciyar da ban gama sharewa ba?

Tambaya: Malam, na yi shekara 9 da ba da gaskiya ga Yesu. Kwanakin baya aka yi mana wa'azi cewa jikinmu haikalin Ruhu Mai Tsarki ne, kuma Allah ba ya zama a ƙazamin wuri. Tun daga ranar nake binciken kaina kowane dare, abin da nake tararwa kullum kuwa shi ne fushi, da sha'awa, da hassada, da 'yan ƙarairayi. Yau wata 3 ke nan rabona da Jibin Ubangiji. Shin Allah yana cikina kuwa? Yaya zan tsarkake kaina har in cancanci ya zauna a cikina?

Amsa: Ɗan'uwana, sannu da wannan nauyi da ka ɗauko. Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarka shi ne wata 3 ɗin nan da ka yi kana zaune, 'yan'uwa suna tashi suna zuwa teburin Ubangiji. Zan dawo kan wannan. Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, domin a nan ne zaren ya harɗe. A yadda ka jera abin, shara ce da fari, shigowar Mai gida daga baya. Littafi Mai Tsarki ya jera su akasin haka, tun daga Fitowa har wasiƙun Bulus.

Dubi Isra'ilawa. Allah bai aika musu da doka suna Masar ba, ya ce in sun kiyaye zai zo ya fisshe su. Da fari ya fanshe su da jinin ɗan ragon Ƙetarewa, ya haye da su teku, sa'an nan ya ba su doka a Sinai, sa'an nan ya ce su yi masa alfarwa domin ya zauna a tsakiyarsu (Fitowa 25:8). Ka tuna kuwa waɗannan mutane ne suka ƙera ɗan maraƙin zinariya a sura ta 32, duk da haka a sura ta 40 girgije ya rufe alfarwar, ɗaukakar Ubangiji ta cika ta, har Musa ya kasa shiga. Akwai wata aya da ba a cika yin wa'azi a kanta ba, ina so ka buɗe ka karanta da idonka: Fitowa 29:43. A can Allah ya ce ɗaukakarsa ce za ta tsarkake wurin. Katako da gashin awaki da fatun raguna aka yi alfarwar da su, irin waɗanda kowa ya sani. Abin da ya mai da ita wuri mai tsarki shi ne Wanda ya sauka a cikinta. Haka ma ƙasar da Musa ya tsaya a kai a gaban kurmin nan mai cin wuta: jiya tumaki suna tattake ta, yau an ce ya tuɓe takalmansa, domin Allah yana wurin.

Yanzu mu zo ga ayar da aka yi muku wa'azi a kanta. Su wa Bulus ya gaya wa cewa su haikalin Allah ne? Ikkilisiyar Korinti. Ya rubuta musu daga Afisa, wajen shekara ta 54 ko 55. Karanta wasiƙar daga farko ka ga halinsu. Sun rarrabu, wannan ya ce shi na Bulus ne, wancan na Afolos. Suna kai juna ƙara gaban alƙalai marasa bi. Wani a cikinsu yana zama da matar ubansa, ikkilisiya kuwa ko a jikinta. Waɗansu suna zuwa wurin karuwai, waɗansu suna buguwa a wurin Jibin Ubangiji matalauta suna zaune da yunwa. Waɗannan ne ya kira tsarkaka a aya ta 2 ta sura ta farko. Waɗannan ne ya tambaya, a 3:16 da kuma 6:19, ko ba su sani ba su haikali ne, Ruhun Allah yana zaune a cikinsu. Bai yi musu alkawarin za su zama haikali in sun gyara halinsu ba. Cewa ya yi sun riga sun zama, da tamani aka saye su, don haka bai dace su kai jikin nan inda suke kai shi ba. Zaman Ruhu a cikinsu shi ne hujjar da ya kafa kiransa na tsarki a kai.

Wani abu kuma da fassara ba ta iya nunawa sosai. Helenanci yana da kalma 2 da ake fassarawa haikali. Ɗaya, hieron, ta ƙunshi dukan harabar, da filaye da shirayi, inda 'yan canji suka baza teburansu. Ɗayar, naos, ita ce ainihin ɗakin, inda Wuri Mai Tsarki da Wuri Mafi Tsarki suke, inda babban firist kaɗai yake shiga bayan labule, shi ma sau ɗaya a shekara, da jini a hannunsa. Naos ce Bulus ya yi amfani da ita a kan mai bi. Sulemanu ya yi shekara 7 yana gina haikali, ranar keɓewa kuwa ya tsaya ya ce sammai ma ba su ishi Allah ba, balle wannan ɗaki da ya gina (1 Sarakuna 8:27). Wannan Allah ne ya ce a Ishaya 57:15 mazauninsa 2 ne: wuri mai tsayi mai tsarki, da kuma wurin mai karyayyar zuciya da tawali'u. Ka lura da adireshi na biyun. Mutumin da ya rubuto mini wasiƙar nan ya fi kusa da shi fiye da yadda yake tsammani.

Kada ka ɗauka ina cewa mai wa'azinku ya yi kuskure gaba ɗaya. Akwai gaskiya mai nauyi a maganarsa, ba kuwa zan rage mata ko kaɗan ba. Ibraniyawa 12:14 ta ce in ba tare da tsarki ba, ba wanda zai ga Ubangiji. Wurin da ya fi girgiza ni a kan wannan shi ne Ezekiyel sura 8 zuwa 11. An kai annabin Urushalima cikin wahayi, 'yan shekaru kafin Babila ta rushe haikalin a 586 kafin haihuwar Almasihu. Aka nuna masa wata 'yar kafa a bango, aka ce ya haƙa. Da ya haƙa sai ga ƙofa. Da ya shiga sai ga dattawan Isra'ila 70, kowa da faranti na ƙona turare a hannu, bango ya cika da zanen dabbobi masu rarrafe da gumaka, suna cewa Ubangiji ba ya ganinsu.  Sai ɗaukakar Ubangiji ta fara tashi. Ta tashi zuwa bakin ƙofar haikali ta tsaya. Ta matsa zuwa ƙofar gabas ta tsaya. Daga baya ta tsaya a kan dutsen da yake gabashin birnin. Duk lokacin da na karanta wannan, tafiyar nan ta sannu sannu ce take sa ni hawaye, kamar ta wanda ba ya son barin gidansa.

Shin haka Ruhu yake barin mai bi a yau? Ikkilisiyoyi sun yi saɓani a kan ko wanda aka maya haihuwarsa zai iya fāɗuwa har abada, ba kuma a nan za mu warware wannan ba. Amma inda kowa ya yarda shi ne, ana iya ɓata wa Ruhu rai (Afisawa 4:30), ana iya danne aikinsa (1 Tasalonikawa 5:19). Mutum biyu suna iya zama gida ɗaya ba sa ga maciji. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka kori ɗaukaka a zamanin Ezekiyel kuwa, in ka duba da kyau, ɓoyayyen ɗaki ne da masu shi suka rufe suka ce ba a ganinsu. Kai kuwa haƙa bangon kake yi da hannunka kowane dare. Dattawan nan 70 ba su taɓa rubuta wa kowa wasiƙa irin taka ba. Gawa ba ta jin zafin allura, wannan zafin da kake ji kuwa shaidar rai ce.

To me ya sa binciken naka yake kai ka ga fid da zuciya? A ganina, domin kai kaɗai kake shiga ɗakunan, kai ne mai ƙara, kai ne shaida, kai ne alƙali. Irmiya 17:9 ta ce zuciya ta fi kome rikici, wa zai iya saninta? Aya ta 10 ta amsa: Ubangiji ne mai binciken zuciya. In zuciya mayaudariya ce, ba za ka sa ta ta binciki kanta ita kaɗai ka amince da rahotonta ba. Wani lokaci takan wanke kanta, wani lokaci kuma takan yanke wa kanta hukuncin da Allah bai yanke ba, duka biyun kuwa yaudara ce. Shi ya sa Dawuda a ƙarshen Zabura 139 ya miƙa aikin ga Allah: shi ya bincike shi, shi ya gwada shi, shi ya ga ko akwai muguwar hanya a cikinsa, shi ya bi da shi a madawwamiyar hanya. Bulus ma ya ce a 1 Korintiyawa 4:3-4 ko shi ba ya yanke wa kansa hukunci, Ubangiji ne mai shari'anta shi. A 2 Korintiyawa 13:5 kuwa, inda ya ce mu gwada kanmu, dubi abin da ya ce mu nema: ko ba ku gane Yesu Almasihu yana cikinku ba? Kai ka yi wata da watanni kana ƙirga shara, ba ka taɓa ɗaga kai ka nemi sawun Mai gidan ba. Shekara 9 da suka wuce, ƙaramar ƙarya tana hana ka barci? Wa ya koya maka ƙinta?

Akwai murya 2 da suke magana a kan zunubin mai bi, wajibi ne ka koyi rarrabe su. Ruhu Mai Tsarki yakan ɗora yatsa a kan abu ɗaya takamaimai: maganar da ka gaya wa matarka da safe, kuɗin da ka riƙe ba naka ba, abin da ka kalla a waya da tsakar dare. Yakan faɗi sunan abin, ya nuna maka gicciye, ya nuna maka abin da za ka yi gobe. In ka furta, maganar ta ƙare, kamar yadda 1 Yohanna 1:9 ta alkawarta. Mai ƙarar 'yan'uwa kuwa, wato Shaiɗan, wanda Ru'ya ta Yohanna 12:10 ta ce yana ƙararsu dare da rana, ba ya son takamaiman abu. Hazo yake bazawa: kai munafuki ne, ba ka da amfani, ba za ka taɓa canzawa ba. Yakan tono abin da ka riga ka furta shekara 5 da suka wuce, kullum kuma ƙarshen maganarsa shi ne ka nisanci addu'a, ka nisanci zumunta, ka nisanci tebur. Bulus ya kira su baƙin ciki irin na ibada, mai kai ga tuba, da baƙin ciki irin na duniya, mai kai ga mutuwa (2 Korintiyawa 7:10). Bitrus da Yahuza duk sun yi nadama a lokaci guda a kan Ubangiji guda. Ɗaya ya ƙare a bakin teku yana amsa tambayar ƙauna sau 3, ɗayan ya tafi shi kaɗai.

Ba kai ne na farko a wannan rami ba. Martin Luther, jagoran gyaran ikkilisiya, tun yana ɗan zuhudu kafin 1517, yakan yi sa'o'i yana furta zunubansa ga shugabansa Staupitz, ya fita ya tuna wani ya komo. Shawarar da Staupitz ya dinga ba shi ita ce ya dubi raunukan Almasihu. Robert Murray M'Cheyne, fasto ɗan Sikotilan da ya rasu a 1843 yana da shekara 29, mutum ne da aka sani da tsananin neman tsarki, shi ne kuma ya ba da shawarar cewa duk kallo 1 da ka yi wa kanka, ka yi wa Almasihu 10. Na yi shekaru ina ba mutane wannan ma'auni, ban ga wanda ya bi shi ya zama mai sakaci da zunubi ba.

Bari in gaya maka inda binciken kai ya taɓa kama ni, don ka ga irin abin da ake nema. A Nehemiya 13, firist Eliyashib ya kwashe kayan wani babban ɗaki a haikali, inda ake ajiye hadayar gari da lubban da zakar hatsi, ya ba Tobiya, wanda ya yi gāba da ginin garun Urushalima tun farko. Dalilinsa kuwa dangantaka ce. Wata rana ina shirin koyar da wannan sura, sai na gane ina da nawa Tobiyan. Wani abokin hidima ya taɓa faɗin wata magana a kaina a gaban mutane, na ce na yafe, muna gaisawa, muna addu'a tare. Amma duk lokacin da aka yabe shi sai in ji wani abu ya tokare ni, in kuwa aka kushe shi sai in ji sanyi. Shekara 4 na yi a haka. A duk binciken da nake yi wa kaina ban taɓa buɗe ɗakin nan ba, domin na sa masa suna mai kyau, ina kiransa taka-tsantsan. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Ranar na rufe littafin na yi kuka, washegari na tafi wurinsa. Zunuban da suka fi ɓarna sau da yawa su ne waɗanda muka ba ɗaki, muka shimfiɗa musu, muka sauya musu suna, ba waɗanda suke sa mu kuka kowane dare ba.

Ka lura kuma da abin da Nehemiya ya yi. Ya watsar da kayan Tobiya waje, ya sa aka tsarkake ɗakunan, sa'an nan ya mayar da kayayyakin Haikalin Allah da hadayar gari da lubban. Wannan mataki na uku ne mutane da yawa suke mantawa. Yesu ya ba da misalin aljanin da ya fita daga mutum, ya komo ya tarar da gidan a share, an gyara shi, amma ba kowa a ciki, sai ya kwaso 7 da suka fi shi mugunta (Mattiyu 12:43-45). Tsarkin da ya tsaya a kan na daina kaza, na bar kaza, shararren kango ne kawai. Shi ya sa a Afisawa 4 Bulus bai taɓa cewa a tuɓe ba tare da ya ce a yafa ba: maƙaryaci ya faɗi gaskiya, ɓarawo ya yi aiki da hannunsa har ya sami abin ba mabukaci, mai ruɓaɓɓiyar magana ya faɗi mai ginawa. In hassada ce ta dame ka, kada ka tsaya kan yaƙi da jin ta. Ka ambaci sunan mutumin a addu'a, ka roƙa masa ƙarin albarka, ka yabe shi a bayan idonsa. Za ka ji kamar kana haɗiyar ƙaya a makon farko, ka ci gaba.

Game da yadda za ka yi binciken, ga abin da nake ba masu irin halinka. Ka yanka masa lokaci, minti 10 ko 15, in ya cika ka tashi. Ignatius na Loyola, firist ɗan Katolika wanda ya rasu a 1556, shi ma ya sha fama da irin wannan azabar lamiri, tsarin binciken rana da ya bari kuwa da godiya yake farawa, kafin a roƙi haske, kafin a waiwayi ranar. Wannan jeri yana da hikima, ko kai ɗan wace ɗarika ne. Wanda ya fara lissafa alherin da aka yi masa yau, zai dubi laifinsa a matsayin ɗa a gidan ubansa. Bayan godiya ka yi addu'ar Zabura 139, ka bi ranarka daga safe zuwa dare, ka auna ta da Kalma, kada ka auna ta da yadda kake ji. Dokoki 10, ko 1 Korintiyawa 13:4-7, ko Galatiyawa 5:19-23 sun isa ma'auni. Abin da ya fito, ka kira shi da sunansa na gaskiya. Ka tambayi abin da yake ƙarƙashinsa, domin ruwa ba ya tsami banza: fushin nan, me aka taɓa maka da kake ƙauna fiye da kima? Ƙaryar nan, tsoron wa ya sa ka yi ta? Ka furta, ka karɓi gafara, in akwai wanda za ka mayar wa hakkinsa ko ka nemi gafararsa, ka sa ranar yin haka, yadda Zakka ya yi bayan Yesu ya riga ya shiga gidansa. Daga nan ka kwanta ka yi barci.

Kada kuma ka yi wannan tafiya kai kaɗai. Dawuda, mai Zabura 139 ɗin nan, ya yi watanni da jinin Uriya a hannunsa, sai da Natan ya zo ya ce masa kai ne mutumin. Yaƙub 5:16 ta ce mu furta wa juna zunubanmu, mu yi wa juna addu'a. A 1738 John Wesley, mai wa'azi ɗan Ingila, ya tsara wa mabiyansa ƙananan ƙungiyoyi masu haɗuwa kowane mako, ana tambayar kowa zunubin da ya san ya yi tun haɗuwar baya, da jarabar da ya gamu da ita, da yadda ya kuɓuta. Ka nemi mutum 1 balagagge cikin bangaskiya, mai riƙe asiri, wanda zai iya ce maka wannan zunubi ne ka tuba, ya kuma iya ce maka wannan ba zunubi ba ne ka bar azabtar da kanka. Ka tuna ma a 1 Korintiyawa 3:16 jama'a Bulus yake wa magana, ikkilisiya gaba ɗaya ce haikalin, mu duwatsu ne da ake ginawa tare. In kuwa ka ga tunanin laifi ya hana ka barci da cin abinci, kana maimaita furci ɗaya sau da yawa ba ka samun sauƙi, ka gaya wa fastonka, ka kuma ga likita. Akwai ciwon damuwa da yake shigowa da rigar ibada, neman maganinsa kuwa ba rashin bangaskiya ba ne.

Sai batun tebur. Ina tsammani ayar da ta tsayar da kai ita ce 1 Korintiyawa 11:28, ina roƙonka ka karanta ta har ƙarshenta. Ta ce mutum ya gwada kansa, sa'an nan ya ci gurasar, ya sha ƙoƙon. Inda gwajin ya nufa ke nan, ci da sha. Rashin cancantar da Bulus ya tsawata a kai a wannan sura shi ne yadda suke ci: kowa yana rige-rigen nasa, ana kunyata marasa abin hannu, ba a rarrabe jikin Ubangiji. In akwai zunubin da ka ƙudura ba za ka saki ba, ko ɗan'uwan da ka ƙi sulhu da shi, to ka je ka gyara wannan tukuna, cikin makon nan, kada ka ja shi wata 3. In kuwa abin da yake hana ka shi ne ka ga kai mai zunubi ne mai bukatar jinƙai, ai saboda irinka aka zub da jinin da ƙoƙon yake shaida. Ka je ka sami fastonka kafin Jibi na gaba, ka karanta masa wasiƙar nan da ka aiko mini yadda take, ku yi addu'a tare. Ranar kuwa, in aka miƙo gurasar, ka miƙa hannu ka karɓa. Ina yi maka addu'ar da Bulus ya yi wa Afisawa a 3:17, Almasihu ya zauna a zuciyarka ta wurin bangaskiya. Ka rubuto mini bayan Jibin, ina so in ji yadda ka ƙare.